Wasiƙa zuwa ga ɗana mai son shirya fim ɗin faɗa

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gaji da riƙe wa maigidanka takarda a lokeshan, kana so in sayar da filin nan na bayan gari ka sayi kyamara, ka shirya fim ɗin faɗa naka na kanka irin na John Woo, daraktan finafinan faɗa na Hong Kong. To, tunda da shi ka kafa mini hujja, bari mu yi maganarsa, don na riga ka sanin finafinansa. A kaset muka kalle su tun ba a haife ka ba.

An haife shi a Guangzhou ta ƙasar Sin a 1946, iyayensa suka ƙaura da shi Hong Kong yana ɗan shekara biyar. Talakawa ne tilis, uban kuma ga tarin fuka. Gobarar unguwar Shek Kip Mei ta 1953 ta raba su da ɗan matsugunin da suke da shi. Ka san da wane aiki ya shiga harkar fim a 1969, a kamfanin Cathay? Wannan aikin da kake rainawa: riƙe takardar labari, da lura da cewa hular da jarumi ya sa a fitowar jiya ita ce a kansa yau. A 1971 ya koma kamfanin Shaw Brothers ya zama mataimakin darakta Chang Cheh, a ƙarƙashinsa ya koyi yadda ake tsara faɗa da yadda ake gina labari a kan amanar abokai.

Fim ɗinsa na farko ya fito a 1974. Kada ka ɗauka daga nan kakarsa ta yanke saƙa. Shekaru ya yi yana shirya finafinan barkwanci saboda su kasuwa ke so, har tauraronsa ya dushe ya koma Taiwan. Sai a 1986, da Tsui Hark ya tsaya masa a matsayin furodusa, ya fitar da A Better Tomorrow, yana da shekara 40. Lissafa da kanka: shekara 17 ke nan daga shigarsa harkar. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ku yaran yanzu bindiga biyu a hannu da tantabaru masu tashi kawai kuke gani. Ni abin da ya tsaya mini a rai a fim ɗin nan ba harbi ba ne. Wurin nan ne da jarumi Chow Yun-fat, bayan harsashi ya nakasa masa ƙafa, yake ɗingishi yana goge gilashin motar yaron da a da yake ƙarƙashinsu, yaron ya watsa masa kuɗi a ƙasa, shi kuma ya sunkuya ya tsince. Wanda ya ga wannan, in aka zo harbe-harben ƙarshe ya san abin da ake ramawa. Labarin da ka turo mini na karanta. Mutum goma sha sun mutu a ciki, ban ji tausayin ko ɗaya ba.

A fim ɗinsa Hard Boiled na 1992 akwai faɗan asibiti da aka ɗauka kusan minti uku ba yankewa. 'Yan wasa suka shiga lif, ƙofa ta rufe, kafin ta buɗe ma'aikata sun sake fasalin wurin ya zama kamar wani bene daban. Darakta ba ya samun irin waɗannan ma'aikata sai ya taɓa zama ɗaya daga cikinsu.

Amurka ma da kake hange, da ya je a 1993 ya yi fim da Van Damme, kamfanin bai sakar masa mara wajen tace fim ɗin ba, duk da sunan da ya yi. Fim ɗinsa Mission: Impossible 2 ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a 2000, bayan shekara biyu kuma fim ɗinsa na yaƙi ya yi asara. Shi dukiyar kamfani ce ta tafi. Kai filin gado ne, na ka da ƙannenka.

Wani abu kuma da ke hana mahaifiyarka barci. A 2008, wajen ɗaukar fim ɗinsa Red Cliff a Sin, wuta ta tashi a wurin da ake ɗaukar yaƙin jiragen ruwa, wani matashi mai wasan kasada ya rasa ransa. Can fa akwai ƙwararru da kayan aiki. Don haka ban yarda ka sa ɗan wani ya diro daga katanga ko ya yi wasa da fetur don ka burge 'yan kallo ba.

Filin ba zan sayar ba. Ka zauna da maigidanka, ka roƙe shi ya riƙa barinka kusa da edita in ana tacewa. In ka samu rana, ka tara abokanka ku ɗauki faɗa na minti biyar da waya, mutum biyu kacal, ba bindiga, ka turo mini in ga ko zan gane dalilin faɗan ba tare da ka yi mini bayani ba. Kuɗin abincin ranar ni zan biya.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.