Mu uku, agogo ɗaya

Assalamu alaikum Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da amarya. Na san ka ƙullace ni, wata uku ba ka ji daga gare ni ba sai ɗan "lafiya lau" a WhatsApp. Ka yi haƙuri. Da ma maganar filin nan na bayan makaranta na zauna in tambaye ka, ko mutumin ya kawo takardun, amma bari in fara sauke abin da ke raina tun ranar Asabar.

Mun yi tseren, wanda na ce maka kulob ɗin keke na jami'armu ta nan Ingila ya sa sunana a ciki. Kada ka ɗauka irin na talabijin ne, mutum ɗari a cunkushe kowa na neman wuce ɗan'uwansa. Wannan da agogo ake yi. Kowace ƙungiya mutum uku, a sake ku ku kaɗai, an jima a saki na bayanku, waɗanda suka fi ƙarancin lokaci su ne suka ci. Mil 25 ne, wato kilomita 40 da 'yan kai, ka ce daga Kano zuwa Wudil. Abin da ya hana ni barci tun ana saura mako shi ne ƙa'idar: ba a tsayar da agogo sai tayar mutum na uku ta taka layi. Ko biyu sun tashi sama, lokacin na baya za a rubuta musu. Kuma na san a cikinmu ni ne sabon shiga.

Da sassafe muka isa wani ɗan ƙauye, sanyi kamar tsakiyar hunturu a Jos, ga yayyafi. Aka ba mu lamba muka maƙala a baya, aka duba hular kwano da fitilu, don a nan ko da rana tsaka sai da farar fitila a gaba da ja a baya. A bakin layi wani dattijo ya riƙe mini sirdi, takalmana a ɗaure da feda, mai agogo yana ƙirgawa daga biyar zuwa ɗaya. Wallahi Dogo, har bugun zuciyata nake ji a kunne.

Dabarar duka a iska take. Na gaba shi ke sarar ta, na bayansa idan ya manne, tayarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga ta gaban ba, wahalarsa na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka ja kamar rabin minti, ka motsa gwiwar hannu, ka kauce, ka koma baya ka huta. Birki kuwa ba a taɓa shi sai dole, don kana taɓawa na bayanka ya hau kanka. Zuwan mun yi shi lafiya, iska tana tura mu, har muka hango ƙungiyar da aka saka kafin mu. Ina ta cewa a raina ina ma kana bakin titi, kai da kake cewa keke na 'yan makaranta ne da masu tallan itace. Da ka ga gudun nan da ka janye maganarka, ko da yake na san ka, sai ka ce ai gangara ce.

Muna zagaye shataletale muka juyo, sai iskar ta dawo fuska. Wajen kilomita 30 na karɓi gaba, na taka, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Cinyoyina kamar an ɗura musu yashi, idona na ganin duhu-duhu. Da na koma baya sai rata ta buɗe, taku ɗaya, taku biyu, kuma duk tazarar da ta ƙaru iska sai ta ƙara dukana. Na ɗaga murya na ce su tafi. Kyaftin ɗinmu ya waiwayo ya ce in rufe baki in kama taya, kada in sake karɓar gaba. Suka sassauta har na manne, daga nan su biyu suka riƙa karɓeɓeniya, ni ina biye. Kilomita goman nan ban ga gona ba, ban ga tumaki ba, jar fitilar gabana kawai nake kallo, ina hasbunallahu a zuci. Sau biyu na ji zan saki. Abin da ya faɗo mini shi ne ranar da muka ɗauko buhun masara a keken Baba, tayar baya ta sace, ka ce ba za mu bar buhun ba ko Magariba za ta yi mana a hanya.

Minti 59 da sakan 41 muka yi. Ba mu ci ba, a tsakiyar jeri muka faɗo, amma a wurin masu wannan harka yin mil 25 ƙasa da awa ɗaya abin faɗa ne, kuma su biyun suka rungume ni kamar mun ɗauki kofi. Ni dai har yanzu abin na cina. Da ban karye ba da mun rage kusan minti guda. Kyaftin ya tambaye ni abin da na ci da safe, na ce shayi da yankan burodi biyu, ya riƙe kai. Ashe yunwa ce ta kayar da ni tun kafin iska. Yanzu da dabino nake fita a aljihun riga.

Af, keken Baba ya tuna mini. Ka san Raleigh ɗin nan a garin Nottingham na Ingila ake ƙera shi a da, amma tun 2002 suka daina haɗa keke a garin. Ka gaya wa mai facin bakin kasuwa, shi da yake rantsuwa da Rali. Yana nan kuwa? An ce ɗansa ya buɗe shagon gyaran babur. Kuma wai da gaske ne an sa ranar autanku bayan Sallah? A bakin wasu na ji, kai ko ka tsegunta mini.

Bayan an gama, kowa ya mai da lambarsa a zauren taron ƙauyen aka ba shi kofin shayi, haka al'adarsu take. A nan wani tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda shi ma har yanzu yana tsere, ya ba ni tarihin abin. A 1890 hukumar masu keke ta Ingila ta hana tsere a kan titi saboda rigima da 'yan sanda, sai mutane suka koma fita ɗaya bayan ɗaya da asuba, sanye da baƙaƙen kaya, don kada a gane tsere suke yi. Hanyoyin ma ba a kiran sunansu, sai harafi da lamba, kuma har yau haka ake rubuta su a takardar gasa.

Nan da mako uku akwai na mil 10, na mutum ɗaya. A wannan an hana fakewa a bayan kowa, daga kai sai iska sai agogo. Na sa sunana. Ina fita sau huɗu a mako bayan Asuba, kafin lacca. Ka sa Hajiya ta yi mini addu'a, kuma idan ka samu mai tahowa ka aiko mini da yajin nan nata, nawa saura na kwana biyu.

Ka gaida mutanen majalisa gaba ɗaya.

Naka har kullum,
Abokinka