Zuwa ga Babana a Nima, birnin Accra, kan maganar babur

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da kawunka da mutanen gidansa. Mu nan Aboabo lafiya lau. Mahaifiyarka na gaishe ka, ita ce ma ta matsa in rubuto, wai a waya ba ka bari a kai ƙarshen zance.

Labari ya iso mana cewa ranar ƙaramar Salla an gan ka a titin Kanda, ku uku a kan babur ɗaya, ba mai hular kwano, kana ɗaga ƙafar gaba ana yi maka ihu. Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya faɗa, bidiyon har wayar ƙanwarka ya zo.

Ihun nan shi ya fi tayar min da hankali. Na san halinka. In kawunka ya aike ka kai kaɗai, a natse kake tafiya, sai an taru ana kallo hannunka ke murɗa totur. Masu ihun kuwa, ranar da ka faɗi, iyakarsu su raka ka ƙofar asibitin Korle Bu su koma gida cin tuwo. Wadda za ta kwana a benci tana jiran likita, ka san ko wace ce.

Tun ba a haife ka ba nake gyaran mota a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma motar da ta yi hatsari wurinmu ake jawo ta. Kafin mai ita ya buɗe baki mun karanta labarin. In gilashin gaba ya kumburo waje kamar gindin ƙwarya, daidai saitin direba, to bai ɗaura bel ba, goshinsa ne ya bar shaida. In sitiyari ya lanƙwashe, ƙirji ne. Wani lokaci sai yaran shago sun wanke kujeru kafin mu iya sa hannu. Wannan fa mota ce, ƙarfe ta ko'ina. Kai a kan babur me ya kewaye ka ban da rigar Salla?

Na san amsarku, ku samari: in kwana bai ƙare ba, ba abin da zai faru. Gaskiya ne rai na hannun Allah. Amma ba kowa ke mutuwa ba, Babana. Zongo cike yake da waɗanda kwanansu bai ƙare ba, suna jan ƙafa da ƙarfe a cinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne ya fi komai kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, kai kuwa kana tsakiyarsu.

Sannan akwai masu tafiya a ƙasa. Ka tuna 2018, da mota ta kashe wata ɗaliba a hanyar Madina zuwa Adenta can Accra, mutane suka tare titi suna ƙona taya sai an gama musu gadojin tsallakawa? Ba na so wata rana a ce ɗana ne ya sa wata uwa kuka. Doka ta ce kilomita 50 a awa cikin gari, 30 kusa da makaranta ko kasuwa. Ko a 50 ɗin, duk daƙiƙa ɗaya kana cin mita kusan 14. Ka sunkuya duba WhatsApp na daƙiƙa biyu, ka yi mita 28 ido a rufe, a lungunan Nima da yaro ke fitowa daga bayan tirotiro, motar haya, a guje.

Ban hana ka tuƙi ba. Ka cika 18, dokar ƙasa ma ta ba ka dama. Ka je DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, ka nemi lasin: A na babur, B na mota. Kuɗin makarantar koyon tuƙi da gwajin ido suna wuyana. Amma kafin lasin ya fito, ba ka hawa babur ɗin kowa. In ya fito, hula a kai kuma a ɗaure maɗaurinta, mutum ɗaya tak a bayanka, waya a aljihu. Abokin da ka san yana haɗiyar tiramol, ko kyauta ya ce zai kai ka, ka tafi da ƙafa.

Na yi magana da kawunka, zai riƙa zama kusa da kai a motarsa ranar Lahadi da safe, lokacin da hanya ba cunkoso. Kuɗin zan turo ta wayarsa ƙarshen wata. Ka kira mahaifiyarka yau ɗin nan, kuma ka bar ta ta gama faɗanta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Kumasi