Kafin a ɗaura wa babur na'urar riƙe gudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin masu baburan da ke cin dogon zango, irin Kano zuwa Kaduna ko Maiduguri, waɗanda hannun damansu ke sagewa saboda riƙon totur, har suka fara sayen na'urar da 'yan kasuwa ke kira kurus kwantirol. Abu biyu ake sayarwa da wannan suna, kuma bambancinsu kan iya zama bambancin isa gida da kwanciya a asibiti.

Na farko makullin totur ne kawai, irin na Kaoko, Atlas ko Go Cruise. Ba ruwansa da gudun babur. Yana danne totur ne a inda ka bar shi, don haka a hawa babur ya rage gudu, a gangara ya ƙara. Yawancinsu kuma ba sa saki idan ka taka birki, sai ka mayar da totur da hannunka. Mai tafiyar kilomita 80 a awa yana cinye kusan mita 22 kowace daƙiƙa. Idan saniya ta faɗo titi, ko rami ya bayyana, daƙiƙa guda ta lalube ta isa.

Wanda ya ga lallai sai ya sa, to ya fara da auna kaurin kan babur. Yawancin babura milimita 22 ne, wasu manya kuma inci ɗaya, wato milimita 25 da 'yan kai. Idan makullin mai shiga ƙarshen kai ne, ana kwance ƙarfen da ke toshe bakin bututun, a sa wosharsa, a ɗaura shi yadda idan an sassauta ba zai taɓa robar hannu ba ko kaɗan. Daga nan a kashe inji, a murɗa totur har ƙarshe a saki. Dole ya koma da kansa, ka ji ƙas. In ya koma a hankali, aiki bai yi ba. Ƙurar hunturu kan shiga ƙarƙashin robar ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar danƙo, sai a kwance a wanke, a ɗiga wa wayar totur mai. A bar wa totur ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6 kafin waya ta fara ja. Kuma ko an ɗaure makullin, ya zama hannu ɗaya na iya rinjayarsa. Masu cusa robar tayub ko tsinke tsakanin hannu da madanni don totur ya tsaya, wannan ba dabara ba ce, ganganci ne.

Na biyun shi ne na gaskiya, mai aiki da lantarki, irin wanda kamfanin MCCruise na Ostireliya ke ƙerawa don kowane samfurin babur, ko na Rostra wanda asalinsa na mota ne ake juya shi. Yana da ƙaramar kwamfuta, da ɗan injin lantarki mai jan wayar totur, da madannai a kai, da abin da ke gaya masa gudun taya. Ba ya kamawa sai gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa.

Wurin haɗa wayarsa da kafireta nan ne aka fi yin ɓarna. Wayar na'urar ba a ɗaure ta tamau. Ana sa 'yar sarƙa mai ƙwallaye a tsakani, domin idan mahayi ya murɗa totur da kansa ta saki jiki ba tare da ta lanƙwashe ta maƙale ba. In sarƙar ta yi tsawo, za ta iya sarƙafewa a wani noti ta riƙe totur a buɗe. In ta yi gajarta, silo zai tashi, wato inji ya riƙa ƙara ko ba a murɗa totur ba. Bayan an haɗa, a tayar da inji, a juya kai dama har ƙarshe, a juya hagu har ƙarshe. Idan ƙarar inji ta canja, waya na ja, a sake mata hanya. A nisanta ta da salansa, zafi na narkar da rigarta.

Sai batun birki, wanda shi ne ran aikin. Na'urar tana gane an taka birki ne ta wayar fitilar baya. Ke nan madannin birkin hannu da na ƙafa dole su kunna fitilar tun kafin birki ya fara ci. Na ƙafa yana da ɗan sifirin da notin roba da ake saita shi. Ku dubi babura goma a kowace tasha ku ƙirga nawa ne fitilar birkinsu ke kamawa. Babur ɗin da tasa ta mutu ba a sa masa wannan na'ura, sai an gyara. Akwai kuma wani abin da ke rikita masu wayarin: irin su Rostra suna neman hanyar da wuta za ta koma jikin babur ta cikin zaren ƙwan fitilar birki. Idan an sauya ƙwan da LED, na'urar sai ta ɗauka ana kan birki, ta ƙi kamawa sam. Maganinsa a sa rile, wato ɗan madannin da wuta ke kunna shi, a tsakani, ba a yanke wayar ba.

Kulochi ma na bukatar nasa madannin. Idan babu, ka kama kulochi na'ura na aiki, za ta ga gudu na raguwa ta ƙara wuta, inji ya yi ta kururuwa babu kaya a kansa.

Babur mai maleji na waya ba ya ba da siginar gudu, sai an ɗaura maganaɗisu a taya da abin karantawa kusa da shi, tazarar 'yan milimita. Wayarsa kada ta bi gefen kwayil ko wayar fulogi, domin tartsatsinsu na rikita lissafi, babur ya riƙa fizga. Wuta a ɗauko ta daga layin da ke mutuwa idan an kashe makulli, a sa fiyus daidai da abin da takardar na'urar ta ce. In aka ja kai tsaye daga batir, ana iya wayar gari ya sauka. Kowace mahaɗa a yi mata dalma. Murɗa waya a naɗe da salatif ba ya jure girgizar hanyoyinmu.

A ganina, Boxer, Jincheng, Haojue da sauran masu inji 100 zuwa 150 ba su dace da na lantarkin ba. Cajinsu kaɗan ne, ba su da rarar ƙarfin da za su riƙe gudu a hawa da kaya, kuma kuɗin na'ura mai kyau kan yi gogayya da kuɗin babur ɗin kansa. Ga irin waɗannan, ɗan faifan roba da ake maƙalawa a totur tafin hannu ya kwanta a kai ya wadatar, tunda da ka ɗaga hannu totur ya koma. Manyan baburan zamani da totur ɗinsu ba shi da waya, kwamfuta ke sarrafa shi, sai a nemi kayan da aka yi musamman don samfurin, kada a yanka musu wayar wuta ko ɗaya.

Gwajin farko a yi shi a miƙaƙƙen titi marar jama'a, babban yatsa na kan madannin kashe inji. A kunna na'urar a taɓa birkin hannu, a sake kunnawa a taɓa na ƙafa, sannan kulochi. Idan ɗaya daga cikin ukun bai sake ta nan take ba, a cire fiyus ɗinta a koma gareji.

Na gode.

Wani bakaniken babura,
Zariya