Sanarwa Kan Wayar Cat6 Mai Araha

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina jan hankalinmu kan wayar Cat6 mai arahar nan, wato kebul ɗin da ake haɗa na'urorin intanet da shi. Da yawa cikinta alminiyam ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Makon jiya na ja irinta mita 70 zuwa na'urar Wi-Fi a saman bene, wutar PoE (wutar lantarkin da ke bi ta cikin wayar ta kunna na'urar) ta kasa isa, na'urar sai ɗaukewa take tana dawowa. Kwana biyu ina zargin rauta (na'urar da ke raba intanet), ashe wayar ce!

Kafin ku biya, ku fere bakinta ku kankare da reza. In fari ya fito, ku bar musu kayansu. Ta gasken ma kada ta wuce mita 100.

Ga damina tafe, don Allah a haɗa wa na'urorin waje wayar ƙasa (wadda ke sauke wuta cikin ƙasa) saboda tsawa.