A je a ji ta bakin su Inna kan ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Makka

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Ni haifaffiyar Makka ce a Shari'a Mansur na tashi, don Allah ka ba ni fili in yi magana kan ajin yaƙi da jahilci, wanda nan ake ce wa mahwul ummiyya, da wata ƙungiya ta 'yan uwanmu ta buɗe wa mata. Innata ta yi wata shida tana zuwa bayan la'asar kuma ko riyal ɗaya ba a karɓa ba, Allah ya saka musu da alheri.

Abin da ya tsaya min a rai ranar rufe aji ne. An raba musu istimara, wato fom, shafi biyu da Larabci ƙanana-ƙananan baƙaƙe wai kowa ta rubuta ra'ayinta, matan da har yanzu haɗa baƙi suke yi fa, ƙarshe dai abla, wato malamar ajin, ce ta zauna tana karanta musu tana cikewa da hannunta. To wace Bahaushiya ce za ta dubi idon malamarta ta ce ban gane karatunki ba? Kowa ta ce alhamdulillahi mumtaz, aka tattara takardu aka kai wa shugabanni.

Sai da muka dawo gida tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi sannan Inna ta buɗe baki. Ita ta yi allo tun tana yarinya, da Warshu, inda fa ɗigonta a ƙasa yake ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, nan kuwa fa ce mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf biyu, kullum sai ta rikice kuma ba wanda ya taɓa tambayarta me ta iya kafin ta zo, aka fara mata daga alif kamar jaririya. Ga shi Alƙur'ani da wasali ta saba, saƙon Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, da na mustashfa, wato asibiti, kuwa babu wasali ko ɗaya, kuma su ne abin da ya kai ta ajin, ta gaji da miƙa wa jikoki jawwal, wato wayar hannu, su karanta mata sirrinta. Lambobi ma haka, biyar ɗin Larabci kamar sifiri take, sifirin kuma ɗigo ne, bakwai da takwas ɗaya na kallon sama ɗaya ƙasa. Watan jiya ranar 7 aka ba ta ganin likita ta karanta 8, muka je aka ce ya wuce, wallahi har hawaye ta yi a mota.

Waɗanda suka daina zuwa kuwa ba wanda ya neme su. Maƙwabciyarmu bayan la'asar take fita da furarta, shi ya sa ta bari, da an maida bayan isha'i da tana nan.

Roƙona ga masu ƙungiyar, su tura wata mace wadda ba malamar ba ta bi gida-gida ta zauna da su da Hausa, ko su bari kowa ta turo murya ta WhatsApp, kuma a yi tun a tsakiyar karatu lokacin da gyara zai yi amfani. Su miƙa wa tsohuwa jawwal ɗinta ko kwalin maganinta su ga me za ta iya karantawa. Inna ta ce in aka buɗe sabon aji bayan aikin Hajji za ta koma, da jakar magungunanta ma za ta je.

Wassalam,
wata 'yar uwarku daga Makka