Wasiƙa Zuwa Birnin Kebbi: Kyanwar Da Ta Ƙi Sabon Abinci

Gusau, Jihar Zamfara

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya aiki, ya kuma zafin Birnin Kebbi? Nan ma bazara ta fara kankama, sai godiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce kyanwar gidanku, ko mussa kamar yadda tsofaffinku ke kiranta, tun tana ƙarama busasshen abinci na buhu ta sani. An ba ka shawara ka mayar da ita kan mai laima, na gwangwani ko na leda, ka sayo da kuɗinka, ta sunsuna sau ɗaya ta yi tafiyarta. Ka kuma ce wani ya ce ka ɗauke tsohon kwanon ka bar ta, idan ta ji uwar bari za ta ci. Da wannan zan fara, don shi ne mai iya kisa.

Kada ka yi mata horon yunwa. Kare na jure wannan, kyanwa ba ta jurewa. Idan ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, jikinta yana kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta, hantar kyanwa kuwa ba ta iya sarrafa kitse mai yawa a lokaci guda. Sai kitsen ya cushe ta, ta kasa aiki. Alamunsa amai, dalalar miyau, kwanciya, sai farin ido da dasashi da cikin kunne su koma ɗorawa kamar mai shawara. Mai ƙiba ta fi shiga haɗarin, kuma a hoton da ka turo taka ba siririya ba ce. Saboda haka ƙa'ida ta farko: idan ta yi awa 24 ba ta sa komai a baki ba, mayar mata da abincinta na da. Idan ta kai awa 48 duk da haka, likita kawai. Balle mu da muka san hadisin matar da ta tsare kyanwa ta hana ta abinci har ta mutu.

Shawarar sauyin kuma tana da tushe. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ce ta ƙasashe masu fari, wadda ke samun yawancin ruwanta daga jikin ɓera da tsuntsun da ta kama, shi ya sa ƙishirwa ba ta cika tura ta bakin ruwa ba. Busasshen abinci ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, mai laima kuwa kashi 75 zuwa 80. Kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar ruwa kusan mililita 200 a yini. Abin da take samu daga busasshen abincin yini guda bai fi cikin cokalin shayi ba, alhali leda uku na mai laima sun kusa biya mata buƙatar gaba ɗaya. A zafi irin naku, inda Afrilu ke haura digiri 40, wannan bambanci yana bayyana a fitsari da ƙoda. Fitsari mai kauri shi ke taimaka wa tsakuwa taruwa a mafitsara. Da muzuru ne ma da na fi matsa maka, don hanyar fitsarinsa siririya ce, tana toshewa, kuma idan ta toshe kwana ɗaya ko biyu ya isa a rasa shi.

Abin da kake kira tsirfa, yawancinsa sabo ne da hanci. Kamfanoni suna fesa wa ƙwayoyin busasshen abinci kitse da wani romon nama a bayansu, ƙamshin da ta sani ke nan a matsayin abinci. Bakinta kuma ya saba da abu mai ƙaras-ƙaras. Wanda ka zuba mata, mai taushi da sanyi, a wurinta ba ma abinci ba ne. Kyanwa da hanci take fara ci, harshenta ko zaƙi ba ya ji.

Kafin ka fara komai, ɗaga leɓenta ka duba. Dasashi ja jawur, haƙori mai tsatsa ko karyayye, warin baki mai ƙarfi, ko tauna da gefe guda, duk ciwo ne ba yanga ba. Idan hancinta ya toshe da majina ma ba za ta ci ba. Kuma ba a sauya wa kyanwa abinci tana rashin lafiya ko an tashi sabon gida. Idan ta ci sabon abu tana jin tashin zuciya, za ta ɗora masa laifin, ta tsane shi ke nan. Sannan ka auna ta: hau sikeli kana riƙe da ita, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire. Rubuta a takarda, kowace Juma'a ka maimaita.

Makon farko ba ruwanka da sabon abinci. Aikinka shi ne ka daina barin kwano cike dare da rana. Kyanwar da ke wucewa tana tsintar ƙwaya biyar-biyar kowace awa ba ta taɓa jin yunwar da za ta sa ta gwada baƙon abu. Auna abincin yini, wanda ga mai kilo 4 yake kamar giram 55 zuwa 60, ka raba uku: bayan asuba, la'asar sakaliya, da bayan isha'i. Ka ajiye minti 20 zuwa 30, ka ɗauke. Za ta bi ka tana kuka kwana biyu ko uku. Abincinta bai ragu ba, lokaci kawai aka sa masa, don haka ka daure, ka kuma ja wa yara kunne, don su ne za su riƙa ba ta a ɓoye.

A mako na biyu sai ka kawo mai laima, rabin cokalin shayi kacal, a wani ƙaramin faranti daban kusa da kwanonta. Kada ka cakuɗa shi da tsohon tun yanzu. Mai tsirfa idan ta ji baƙon wari a cikin nata sai ta ƙaurace wa duka biyun, ka yi biyu babu. Ka fara ajiye farantin minti goma kafin ka kawo busasshen, lokacin da yunwa ta fi cinta. Ko ba ta taɓa ba, ka kwashe ka zubar, gobe ka sake. Sau da yawa sai ta gan shi sau goma ko fiye kafin ta kai harshe.

Dabaru uku ne suka fi aiki a nan. Na farko ɗumi. Kyanwa ta fi son abinci mai ɗumin jiki, wajen digiri 37, kamar naman da ta kama yanzu. Tsoma ledar a ruwan ɗumi minti biyar, ko ka zuba cokali ɗaya na ruwan ɗumi ka dama, ka ɗiga a bayan hannunka kamar yadda ake gwada madarar jariri. Wanda aka ciro daga firiji kai tsaye ba shi da ƙamshi, ba za ta kula shi ba. Na biyu, daka ƙwayoyin tsohon abincin biyar ko shida su zama gari, ka barbaɗa a sama kamar yaji a kan tsire. Garin take zuwa lasa, harshenta ya kwaso na ƙasa. Na uku, shafa ɗan kaɗan a bayan ƙafarta ta gaba. Tsabtarta ba za ta bar ta ta ƙyale shi ba, dole ta lashe. Amma sau ɗaya a yini ya isa, kuma kada ka taɓa danne ta ka tura mata a baki.

Ka lura kuma da siffar abincin, don mai laima iri-iri ne. Akwai niƙaƙƙe kamar kwaɓin ƙosai, akwai gutsattsarin nama a romo, akwai mai daskararren romo. Idan ta lashe romon ta bar naman, murƙushe gutsattsarin da cokali mai yatsu su haɗe. Kada ka sayi katan guda na iri ɗaya tun ba ka san wanda take so ba. Sayo leda bibbiyu na kaza da na kifi da na naman sa, kowanne ka ba shi kwana uku. Farantin ya zama mai faɗi marar zurfi, na tangaran ko silba. Roba tana riƙe warin tsohon mai ko an wanke. Ka ajiye shi nesa da tasar yashin da take bayan gida, a wurin da ba a yawan giftawa, kuma kada ka tsaya a kanta kana kallo.

Ranar da ta cinye rabin cokalin nan, an ci rabin yaƙi, amma kada murna ta sa ka juye mata leda guda. Hanjinta bai saba ba, zawo zai biyo baya. Kwana uku ka ba ta kashi ɗaya cikin huɗu na mai laima, kwana uku rabi da rabi, kwana uku kashi uku cikin huɗu, sannan gaba ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: leda ɗaya mai giram 85, irin ta Whiskas ko Felix, tana daidai da kusan giram 20 na busasshe. Duk ledar da ka ƙara, ka rage giram 20. Mai kilo 4 da ke zaman gida kusan leda uku take buƙata a yini. A nan mutane ke kuskure, su ga leda ɗaya ta cika faranti su ɗauka ta ƙoshi, alhali kashi huɗu cikin biyar ruwa ne, kyanwa ta yi ta ramewa. Idan sikeli ya nuna ta rage fiye da giram 80 a mako guda, ka ƙara mata. Idan kashinta ya yi ruwa, koma matakin baya ka tsaya kwana huɗu. Wata kyanwar mako biyu ta gama, wata sai ta kai wata uku, duk daidai ne.

Sai batun zafi da wutar lantarki, wanda takardar jikin gwangwani ba ta san da shi ba. Turawa na cewa a iya barin abincin awa biyu ko fiye a faranti, amma wannan a ɗakinsu mai sanyi ne. A bazararku minti 30 ya isa, bayan nan ƙuda ya sauka, gefen ya bushe ya yi ɓawo, ya fara tsami. Zubar, ka wanke farantin da sabulu, ka ɗauraye sosai. Abin da ya rage a gwangwani ka juye a mazubi mai murfi, a firiji yana kwana biyu zuwa uku, idan firijin na samun wuta tsayayya. Idan ba haka ba, ƙananan ledoji sun fi babban gwangwani ko da sun fi tsada, don abin da aka buɗe da safe ba ya kai dare a waje. Randa tana sanyaya ruwa, ba ta adana nama. Maganin kiyashi kuma, ɗora farantin a cikin tire mai ɗan ruwa. Gwangwanin da ya kumbura ko ledar da ta cika da iska, jefar ba tare da ka buɗe ba.

Na san tsadar leda uku a kullum za ta sa ka tunanin dafa mata da kanka, ga kifin Argungu da na Yauri a kusa. Dafaffen kifi ko tsokar kaza, ba gishiri ba magi, an cire ƙaya da ƙashi, yana da kyau a matsayin ɗan abin jan ra'ayi a saman abincinta, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da take ci. Amma shi kaɗai ba ya riƙe ta. Tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam na gina ƙashi. Ɗanyen kifi iri da dama yana ɗauke da abin da ke lalata bitamin B1, har ta fara tangaɗi da farfaɗiya, dafuwa ce ke kashe shi. Ciyar da ita hanta kullum yana tara mata bitamin A fiye da kima, ƙashin wuya ya sandare. Akwai kuma sinadarin taurin, wanda jikin kyanwa ba ya haɗa isasshe. A 1987 masana a Amurka suka tabbatar rashinsa na kawo ciwon zuciya ga kyanwa, yana kuma makantar da ita, shi ya sa abincin kare ba ya maye nata. Idan za ka saya, duba jikin ledar: wadda aka rubuta "complete" ita ce cikakken abinci, mai "complementary" ɗan marmari ne kawai.

Albasa da tafarnuwa guba ne gare ta, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Ku da Aliero ke cika muku kasuwa da albasa, ba romon gidanku da za a rasa ta a ciki, don haka idan za a yi mata romo a dafa daban da ruwa zalla. Kilishi, tsire da ragowar miya duk a hana. Madara kuma, duk da abin da muka taso muna gani, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Tunda na zo nan bari in ƙara: ko ta yi zazzaɓi kada wani ya ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Idan aljihu bai ɗauki sauyin gaba ɗaya ba, leda ɗaya da safe da giram 35 zuwa 40 na busasshe a sauran yini ya fi babu nesa ba kusa ba. Kana iya zuba cokali biyu na ruwa a cikin ledar ma ka ƙara mata.

Bayan ta koma mai laima za ka ga ta rage zuwa kwanon ruwa, fitsarinta ya ƙaru ya yi haske, kashin ya ragu. Wannan shi ake nema, amma kwanon ruwan ya ci gaba da zama, a sauya shi safe da yamma. Abin da ba a so shi ne amai fiye da sau biyu a yini, zawon da ya wuce kwana biyu, jini a fitsari, ko ta riƙa tsugunawa a yashi tana nishi ba abin da ke fita. Idan ka ga ɗaya daga ciki ka kai ta asibitin dabbobi a ranar. Idan ana buƙatar gwajin jini ko hoto, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, bai yi muku nisa ba.

Ka turo mini nauyinta na wannan Juma'ar, da shekarunta, da hoton bayan buhun da take ci yanzu, in fitar maka da ainihin giram ɗin da za ka riƙa aunawa. A gaida uwargida da yara, a kuma miƙa gaisuwata wurin Baba.

Wassalam,
Naka amini,
daga Gusau