A Fara da Littattafan Tarihi Kafin a Ruɗu da Duba da Sihirin Zamani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da yake ƙara yaɗuwa a tsakanin matasanmu masu karatun boko, wato shagaltuwa da duban taurari da kartar duba ta Turawa da labaran ƙungiyoyin asiri, waɗanda yanzu suke shigo mana ta waya ba dare ba rana. Yarinyar da ba za ta taɓa yarda a gan ta a ƙofar boka ba, ita ce za ka ji tana cewa burujinta bai dace da na mai neman aurenta ba, kuma tana faɗin haka da zuciya ɗaya domin da Turanci ta karanta shi, ta ɗauka ilimi ne.

Hukuncin addini a kan wannan a fili yake, malamanmu kuma ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen bayyana shi. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana arba'in. Abin da nake ganin ya yi mana ƙaranci shi ne sanin tarihin waɗannan abubuwa: wa ya ƙago su, a wace shekara, da wace manufa. Littattafan wannan fanni iri biyu ne. Akwai na masu sana'ar kansu, waɗanda suke koya wa mutum yadda zai yi, akwai kuma na masana tarihi waɗanda suka bi diddigin al'amarin ta hanyar takardu da kwanan wata. Nau'i na biyu nake ba da shawarar a karanta, domin babu abin da yake sace gwiwar ɗan tsibbu kamar a gaya masa shekarar da aka ƙirƙiri abin da yake cewa ya samo asali tun zamanin Fir'auna.

Wanda yake son ya ga fagen gaba ɗaya, sai ya fara da ɗan littafin Wouter Hanegraaff, farfesa a Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan, mai suna Western Esotericism: A Guide for the Perplexed, wanda ya fito a 2013. Marubucin ba ya wa'azi, ba ya kuma tallar sihiri. Yana bayani ne a kan yadda wasu ra'ayoyi da coci da jami'o'in Turai suka yi watsi da su suka taru suka zama fanni guda. Daga nan mai ƙarfin karatu ya wuce zuwa littafin Frances Yates na 1964 a kan Giordano Bruno, wani masanin falsafa ɗan Italiya. A nan ne zai ga yadda aka fassara rubuce-rubucen da ake jingina wa Hermes, wani malamin almara da ake cewa ya rayu a Masar ta dā, zuwa Latin a birnin Florence a 1463, manyan masana suka riƙe su a matsayin hikimar Masar ta tun fil azal, har sai da Isaac Casaubon ya nuna a 1614 cewa salon Girkancin da ke cikinsu na ƙarnonin farko ne na bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Masana na baya sun yi wa Yates gyara a wurare da dama, amma har yanzu littafin yana koyar da darasin da ake bukata.

Inda wannan darasi ya fi fitowa fili shi ne tarihin kartar duba da ake kira tarot, mai ganye 78, wadda yanzu ake baje ta a TikTok ana gaya wa mutane abin da zai same su a mako mai zuwa. Michael Dummett, masanin falsafa a Jami'ar Oxford, ya rubuta The Game of Tarot a 1980, sannan shi da Ronald Decker da Thierry Depaulis suka fitar da A Wicked Pack of Cards a 1996. Abin da suka tabbatar da hujjoji shi ne cewa kartar wasa ta shiga Turai ne a wajajen 1370 daga ƙasashen Musulmi, musamman Masar ta zamanin Mamalik, kuma a arewacin Italiya ne aka ƙara mata wasu ganyaye masu hotuna a wajajen 1440 domin wasan 'yan sarauta. Fiye da shekara ɗari uku ana wasa da ita kawai. Sai wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya ga ana wasa da ita, ya rubuta a 1781 cewa hotunan nan ragowar wani littafin asiri ne na malaman Masar ta dā. Ya faɗi haka ne a lokacin da babu wani mahaluki a Turai da yake iya karanta rubutun Masar ta dā, domin sai a 1822 wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware shi, kuma da aka warware ba a sami ko ɗigon maganar wannan karta a ciki ba. Duk da haka zancen ya riga ya kama. Éliphas Lévi, wani Bafaranshe marubucin sihiri, ya ɗora a kai a tsakiyar ƙarni na 19, ya haɗa ganyaye 22 ɗin nan da aka ƙara da haruffan Ibrananci 22, sannan a 1909 aka buga a Landan kartar da A. E. Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana, wadda ita ce mafi yawan masu duba suke riƙe da ita a yau. Ina ganin duk matashin da ya san wannan jerin shekaru zai yi wuya ya sake biyan kuɗi don a buɗe masa ganye.

Haka abin yake ga duban buruji na shafukan jaridu. Kallon taurari tsohon abu ne tun zamanin Babila, amma wannan na raba dukkan 'yan Adam gida goma sha biyu a gaya wa kowane gida abin da zai same shi, ya tsiro ne daga jaridun Ingila bayan da R. H. Naylor ya rubuta wa jaridar Sunday Express duban Gimbiya Margaret a lokacin haihuwarta a 1930, masu karatu suka nemi ƙari. Dalilin da ya sa mutum yake jin kamar da shi ake magana kuwa, wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya nuna shi a 1948. Ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ba kowannensu takardar da ya ce ta bayyana halinsa shi kaɗai, ya ce kowa ya ba ta maki daga sifili zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya haura huɗu. Bayan haka ne ya sanar da su cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani littafin duban taurari na kan titi ya tsinto jimlolin.

Littafin da nake ganin zai fi jan hankalin mai karatu a wannan ƙasa shi ne Grimoires na Owen Davies, wanda aka buga a 2009, domin tarihin kundayen sihiri ne tun daga rubutun hannu har zuwa injin ɗab'i. A ciki akwai labarin littafin da ake kira na shida da na bakwai na Musa, wanda babu abin da ya haɗa shi da Annabi Musa, alaihis salam: a Jamus aka buga shi a 1849, aka fassara shi zuwa Turanci a Amurka, sannan kamfanin de Laurence na Chicago ya riƙa aika shi ta gidan waya zuwa Najeriya da Gana da Jamaika. Davies ya nuna cewa kasuwanci ne ya yaɗa waɗannan kundaye fiye da komai.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wannan harkar Turawa ce da ba ta shafe mu ba, domin wani babban ɓangare nata ta hannun Musulmi ya bi kafin ya isa Turai. A duba bugun ƙasa. Mai duba yana baje yashi a faifai ko a tabarma, ya riƙa dangwala yatsa yana jera ɗigo ba tare da ƙidaya ba har layi goma sha shida, sannan ya koma yana share su bibbiyu, a ƙarshen kowane layi ko dai ɗaya ya rage ko biyu. Kowane layi huɗu suna ba da siffa ɗaya, siffofi huɗun farko su ne uwaye, daga gare su ake fitar da sauran har gidaje su cika, kuma tun da ɗaya ko biyu ne kawai a matakai huɗu, siffofin ba za su wuce goma sha shida ba. Wannan shi ne ilimin ramli na littafin Zanati. A ƙarni na 12 aka fassara wannan ilimi daga Larabci zuwa Latin a ƙasar Sifen, ya shiga littattafan Cornelius Agrippa, wanda aka buga babban kundinsa na falsafar asiri a 1533, har ya kai ga ƙungiyar asiri ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888 tana koya wa mabiyanta shi. Wanda yake son ya ji hukuncin mai hankali a kan wannan, ya buɗe Muƙaddimar Ibn Haldun, wadda ya rubuta a 1377. Ya kawo yadda ake buga ramli dalla-dalla, ya yi magana a kan ilimin haruffa da hisabi, sannan ya nuna cewa babu wata alaƙa tsakanin ɗigon da yatsa ya ajiye a yashi da abin da Allah ya ɓoye. Muƙaddima tana samuwa da Larabci a wurin masu sayar da littattafan addini a manyan garuruwanmu, kuma a ganina ita ce ya kamata almajiri ya fara da ita.

Akwai ma ɗan ƙasarmu a cikin wannan tarihi, wanda abin takaici ne yadda ba a san shi ba a gida. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin ƙasar Katsina, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, da wani littafin a kan hatimai masu gidajen lissafi, irin wanda idan aka jera lambobi ɗaya zuwa tara a gida tara, ta ko'ina aka tara za a sami goma sha biyar. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ambace shi a cikin tarihinsa. Masana tarihin lissafi suna ambaton hanyoyinsa na cike hatimi har yau. John Hunwick ya jera ayyukansa a mujalladi na biyu na Arabic Literature of Africa, wanda ya fito a 1995. Bai kai shekara ɗari da rasuwarsa ba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka a cikin Nurul Albab ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da taurari. Karanta waɗannan biyu tare yana nuna cewa muhawarar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma malamanmu sun yi ta da ilimi.

Saura tambaya guda, wadda tarihin littattafai bai isa ya amsa ba: me ya sa mutane masu hankali suke komawa wurin mai duba ko da an nuna musu ƙaryarsa? A nan littafin E. E. Evans-Pritchard na 1937 a kan maita da duba a wurin ƙabilar Azande ta ƙasar da yanzu ake kira Sudan ta Kudu ya fi kowane amfani. Ya kawo misalin rumbu da ya faɗo wa mutanen da ke hutawa a ƙarƙashinsa. Azande sun sani sarai cewa gara ce ta cinye ƙafafun rumbun, sun kuma san zafin rana ne ya kai mutane inuwarsa. Abin da suke nema shi ne dalilin da ya sa ya faɗi a daidai wannan lokaci a kan waɗannan mutane. Wannan tambaya ce ke kai mai ciwon da ya ƙi jin magani, da matar da ta daɗe ba ta haihu ba, da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, zuwa wurin boka. Musulmi yana da amsarta a cikin imani da ƙaddara, amma wanda ba a koya masa ya zauna da wannan amsa ba zai nemi wata. Keith Thomas ya bi wannan hanya game da Ingila a cikin Religion and the Decline of Magic na 1971, sai dai littafi ne mai kauri da ke bukatar haƙuri.

Littattafan masu sana'ar kansu, irin su Shamsul Ma'arif da ake jingina wa al-Buni, da na Lévi, da na Helena Blavatsky wadda ta kafa ƙungiyarta a New York a 1875, da na Aleister Crowley, ba na ba kowa shawarar ya fara da su. Mai bincike da ya riga ya ƙoshi da tauhidi da tarihi yana iya duba su a matsayin shaidar zamaninsu. Matashin da ya faɗa cikinsu kai tsaye kuwa ba shi da ma'aunin da zai gane inda marubucin ya ƙirƙira da inda ya kwafo.

Babbar matsalar ita ce kusan duk abin da na ambata da Turanci ko Larabci yake, wasu kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi. Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon wannan jarida ta ware shafi ko da sau ɗaya ne a wata, ta gayyato malaman tarihi da na addini su taƙaita irin waɗannan littattafai da Hausa, a fara da babin ramli na Muƙaddima da Nurul Albab na Shehu. Ina kuma kira ga sassan Larabci da na Hausa da na lissafi a jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da su haɗa hannu su fitar da cikakken nazari da Hausa a kan rayuwar al-Kashinawi da ayyukansa, a rarrabe lissafin da ke ciki da tsibbun da ke ciki.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Katsina